Masu Ɗaukar Hoto a Titunan Biranen Sin, Daga Yaƙin Japan Zuwa Zamanin Mao

Ɗaukar hoto don jarida ya kafu a ƙasar Sin ne a birnin Shanghai, cikin shekarun 1920, kuma kafin sana'ar ta gama tsayawa da ƙafafunta yaƙi ya riske ta. Daga 1937 zuwa 1949 ƙasar ba ta ga zaman lafiya ba. Shekara takwas aka yi ana gwabzawa da Japan, aka ɗan numfasa, sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gwamnatin Kuomintang ta Chiang Kai-shek da 'yan kwaminis na Mao Zedong. Bayan nan ma rikicin siyasa bai lafa ba sai da Mao ya mutu a 1976. Hotunan fagen daga da na manyan hafsoshi suna nan jingim, amma waɗanda masana tarihi suka fi komawa gare su a yau na titi ne: layin sayen shinkafa, mai jan amalanken ɗaukar mutane, tsohuwa da ƙunshin kayanta a bakin gada. Kowane ɗayansu yana da labarin yadda aka ɗauke shi, yana kuma da labari na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farkon tsawo, na yadda ya isa idon jama'a ko yadda aka tare shi a hanya.

Tun bayan yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda ta buɗe Shanghai ga fataken Turai, tsakiyar birnin ta fita daga ikon hukumar Sin. Unguwar Ƙasa da Ƙasa tana hannun wata majalisa da 'yan Birtaniya da Amurkawa suka fi ƙarfi a cikinta, unguwar Faransawa kuma tana da 'yan sandanta da dokokinta. A nan maɗaba'u da kamfanonin dillancin labarai suka taru. A 1926 Wu Liande ya kafa mujallar hotuna mai suna Liangyou, wadda ke kawo taurarin fim da 'yan wasa da sababbin gine-gine, ta saba wa masu karatu da neman labari a cikin hoto. Kayan aiki ma sun sauya a daidai lokacin. Kyamarar Leica, da ta shiga kasuwa a 1925, ƙarama ce, aljihun kwat yana ɗaukarta, tana ɗaukar hoto 36 kafin a canja fim, ba a kuma kafa mata ƙafafu balle mutanen titi su taru suna gyara tsayuwa. A 1936 mujallar Life ta fara fitowa a Amurka. Mai ita, Henry Luce, a lardin Shandong aka haife shi, ɗan masu wa'azin Kirista ne, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu goyon bayan Chiang Kai-shek a Amurka. Ra'ayin wannan mutum guda ya yi tasiri ƙwarai a kan abin da miliyoyin masu karatu suka gani na ƙasar Sin.

Yaƙi ya iso Shanghai ranar 13 ga Agusta, 1937, ya ɗauki wata uku. Da yake unguwannin Turawa ba sa cikin faɗan, mai ɗaukar hoto yana iya hawa rufin bene ya hango unguwar Zhabei tana ci da wuta, ya sauko ya wanke fim ɗinsa a ranar. Wannan ne ya sa yaƙin Shanghai ya samu hotuna fiye da yaƙe-yaƙen da aka yi a cikin ƙasa, inda 'yan jaridar waje ba su da yawa. Hotunan kwanakin farko na 'yan gudun hijira ne, dubbai a kan gadar Waibaidu, suna turereniyar shiga yankin Turawa da tabarmi da tukwane da yara a cikin kwanduna. Ranar 14 ga wata jiragen yaƙin Sin, waɗanda suka fito neman jirgin ruwan Japan mai suna Izumo a kogin Huangpu, suka saki bama-bamai bisa kuskure a titin Nanjing da kuma gaban gidan wasanni na Great World, inda 'yan gudun hijira suka taru. Mutum sama da dubu suka mutu.

Hoton da ya fi kowanne suna an ɗauke shi mako biyu bayan haka. Ranar 28 ga Agusta jiragen Japan suka jefa bama-bamai a Tashar Kudu, inda jama'a ke jiran jirgin ƙasa su bar gari. Wang Xiaoting, Basine mai ɗaukar fim ɗin labarai wa kamfanin Hearst, wanda Turawa suka sani da H. S. Wong, ya isa tashar bayan harin. Ya tarar da jariri zaune shi kaɗai a gefen layin dogo, tufafinsa sun yage, jikinsa ya yi baƙi, bakinsa a buɗe yana tsala kuka, bayansa kuma gadar masu tafiya a ƙasa ta rufto. Aka kai fim ɗin Manila a jirgin ruwan sojan Amurka, daga can aka wuce da shi New York a jirgin sama. Life ta buga hoton ranar 4 ga Oktoba, ta kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 136 sun gan shi a jaridu da gidajen sinima. Japanawa suka ce shiri ne. Hujjarsu ita ce sauran hotunan da Wang ya ɗauka a wurin sun nuna wani mutum kusa da jaririn, da wani yaro babba. Masu kare Wang suka ce mutumin yana kwashe yaran ne daga cikin ɓaraguzai, ya ajiye ɗaya ya koma ɗauko wani. Gardamar ba ta shafi harin kansa ba, domin ba wanda ya musa cewa an kai shi. Abin da ta fito da shi shi ne cewa gefen da aka yanke wa hoto yana iya sauya ma'anarsa. Barazanar da Wang ya fuskanta ta sa ya kwashe iyalinsa zuwa Hong Kong. Sunan jaririn da makomarsa ba su taɓa bayyana ba.

A arewa kuma akwai Fang Dazeng, matashi ɗan Beijing da aka haifa a 1912. Tun kafin yaƙi 'yan dako yake bi da kyamararsa, da masu haƙar kwal, da masu jan amalanke. Yana cikin 'yan jaridan farko da suka isa gadar Marco Polo bayan arangamar 7 ga Yuli, 1937, ya ci gaba da aika wa jaridar Dagongbao rahoto daga lardin Hebei. A watan Satumba aka daina jin ɗuriyarsa, har yau. Ƙanwarsa ce ta adana fina-finansa a cikin akwati, ta ratsa da su mamayar Japan da duk hargitsin da ya biyo baya, kuma a 2006 iyalin suka miƙa wa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Beijing guda 837.

Kisan gillar da sojojin Japan suka yi a Nanjing daga Disamba 1937 bai samu 'yan jarida masu yawa ba, don kusan duk na waje sun fice cikin 'yan kwanaki. Wani limamin coci Ba'amurke, John Magee, shi ya ɗauki waɗanda aka jikkata a asibiti da ƙaramar kyamarar fim, abokinsa George Fitch ya fitar da fim ɗin daga birnin a ɓoye. Jaridun Japan suna da nasu masu ɗaukar hoto a tare da rundunar, amma kowane hoto sai ya bi ta hannun masu tacewa na soja, kuma wanda bai yi musu ba sukan buga masa hatimin hana bugawa. Jaridar Mainichi ta ajiye kundayen irin waɗannan hotuna, da hatimin a jikinsu, aka buga su bayan yaƙi.

A 1938 harkokin gwamnati suka koma Hankou, 'yan jaridan duniya suka bi ta can. Robert Capa, wanda ya yi suna a yaƙin basasar Sifen, ya zo tare da Joris Ivens, ɗan Holan mai shirya fim. Jami'an gwamnati suka haɗa su da 'yan rakiya masu sa ido, suka hana su zuwa Yan'an, sansanin 'yan kwaminis. Cikin abin da Capa ya samu akwai jama'a sun ɗaga kai suna kallon jiragen yaƙi na fafatawa a sama, da mata zaune a kan tokar gidajensu, da kuma wani hoto da ba wanda zai ce na yaƙi ne: yara suna jifan juna da dusar ƙanƙara a fili, suna dariya. Hankou ta faɗi a watan Oktoba.

Chongqing, babban birnin gwamnati har ƙarshen yaƙin, ta sha ruwan bama-bamai shekara da shekaru, mafi muni daga 1939 zuwa 1941. Hazon hunturu yakan rufe birnin ya kare shi, da rani ya shigo sai jirage su dawo. Mutanen gari suka tsara rayuwarsu a kan haka. Ana ɗaga manyan jajayen ƙwallaye a kan dogayen sanduna a bisa tuddai don gargaɗi, mai shago ya rufe, kowa ya ɗauki ƙunshinsa ya nufi ramukan da aka fafe a cikin dutse. Hotunan Chongqing cike suke da wannan zirga-zirga, da masu ɗebo ruwa daga kogi suna hawa ɗaruruwan matakala, da masu sake kafa rumfuna a inda wuta ta cinye jiya. Ranar 5 ga Yuni, 1941, hari ya yi tsawo, iska ta ƙare a cikin wani babban rami, mutane suka tattake juna a bakin ƙofa. Ana saɓani kan adadin mamatan, daga kusan dubu zuwa dubbai. Hotunan gawarwaki zube a kan matakalar dutse sun fita duniya. A yunwar lardin Henan ta 1942 zuwa 1943 kuwa, hotunan Harrison Forman na karnuka suna cin gawa su ne shi da Theodore White na mujallar Time suka ajiye a gaban Chiang Kai-shek, don kada a ce musu ƙarin gishiri suke yi.

Beijing ta zauna a hannun Japan ba tare da an rushe ta ba, kuma wadda ta fi kowa ɗaukar titunanta a lokacin ba 'yar jarida ba ce. Hedda Morrison, Bajamushiya, ta zo a 1933 don kula da wani shagon hoto, ta zauna har 1946. Da keke take yawo da kyamarar Rolleiflex, tana ɗaukar wanzamai a bakin hanya, da masu wasa wuƙa, da ayarin raƙuma masu kawo kwal, da masu sassaƙa, da jerin gwanon jana'iza. Mai duba hotunanta da ƙyar zai gane cewa birnin yana ƙarƙashin mamaya, kuma wannan naƙasu ne a aikin. Darajarsu ta fito daga baya, bayan an rushe ganuwar birnin, sana'o'in kuma suka ɓace. Dubban fina-finanta suna ɗakin karatu na Harvard-Yenching a Amurka.

Shekarun 1947 zuwa 1949 su ne suka fi wadatar hotunan rayuwar birni, domin a lokacin labarin yana titi. Jack Birns ya iso Shanghai a ƙarshen 1947 a matsayin wakilin Life. Ya ɗauki yajin aikin masaƙa, da 'yan sanda suna kama mata masu tsintar audugar da ta zube daga diloli a bakin kogi, da gawarwakin yara da ƙungiyoyin agaji ke kwashewa, da 'yan gudun hijira a kwale-kwale, da Turawa suna shagalinsu a gidajen rawa, da waɗanda aka harbe a bainar jama'a gab da faɗuwar birnin. Da yawa daga cikin waɗannan ba su shiga mujallar ba, kuma ba abin mamaki ba ne a gidan da mai shi ke son duniya ta ga gwamnatin Chiang da kwarjini. Sai a 2003 aka tattara su cikin littafi mai suna Assignment Shanghai.

Abin da ya karya gwamnatin a birane hauhawar farashi ce. Ranar 19 ga Agusta, 1948, aka fito da sabon kuɗi mai suna yuan na zinariya, kowane ɗaya a madadin tsohon kuɗi miliyan 3, aka kuma tilasta wa jama'a su kawo zinariya da azurfa da kuɗin waje su karɓi takarda. Chiang Ching-kuo, ɗan shugaban ƙasa, shi aka tura Shanghai ya murƙushe masu ɓoye kaya. Kafin wata uku tsarin ya rushe, waɗanda suka yi biyayya suka wayi gari da takardun banza. Hotunan lokacin sun nuna akawu a bayan tulin damman kuɗi, da mutane ɗauke da albashinsu a cikin buhu suna sauri su kai shagon shinkafa kafin farashi ya sake tashi.

A cikin wannan yanayi Henri Cartier-Bresson, Bafaranshe, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin hotuna na Magnum a 1947, ya iso. Life ta aike shi Beijing, wadda a lokacin ake kira Beiping, a Disamba 1948, sojojin kwaminis na dab da kewaye ta. Kwana goma sha biyu ya yi. Ya ɗauki masu shan shayi da tsuntsayensu a keji, da masu motsa jiki da sassafe a farfajiyar haikali, da wani tsohon bābā da ya yi hidima a fadar sarakunan da, da wani dattijo yana dube-dube a gaban sahun sababbin kuratan soja. Daga nan ya wuce Shanghai, inda ranar 23 ga Disamba ya ɗauki hoton da aka fi saninsa da shi a wannan tafiya. Gwamnati ta ba da damar sayen zinariya kaɗan ga kowane mutum, jama'a suka yi dafifi a gaban banki. A hoton ba a ga bankin ba, ba a ga zinariyar ba. Mutane ne kawai a layi guda, an matse su har ƙirjin wannan ya manne da bayan wancan, hannuwa sun sarƙe, ƙafafu na neman wurin takawa, wasu sun juyo suna kallon kyamara, a fuskar wani ma kamar murmushi. An rasa rayuka a turmutsitsin ranar. Shi kansa bai ga yawancin hotunansa ba a lokacin. Fim yake aikawa New York ba a wanke ba, haɗe da bayanan da ya buga da tafireta, editoci su zaɓa su kuma rubuta abin da za a sa a ƙarƙashi. Tafiyar da aka shirya ta mako biyu ta zama ta wata goma. Ya yi ƙoƙarin tsallakawa yankin 'yan kwaminis ta lardin Shandong aka tsare shi makonni, ya ga shigar sojojinsu Nanjing a watan Afrilu, ya bar ƙasar 'yan kwanaki kafin a ayyana Jamhuriyar Jama'ar Sin ranar 1 ga Oktoba, 1949.

Shanghai ta faɗi a ƙarshen watan Mayu. Sam Tata, haifaffen birnin daga iyalin Farisawan Indiya, ya zauna ya ɗauki sauyin hannu da faretin da ya biyo baya, bai tafi ba sai 1952. Daga ɓangaren masu nasara kuma, hoton da ya shahara shi ne na sojojin kwaminis kwance a jere a gefen titi, sun ƙi shiga gidajen mutane. Shaidu da dama sun tabbatar da cewa hakan ya faru, jam'iyyar kwaminis kuma ta ci moriyar hoton iyakar iyawarta.

Daga nan ƙofa ta rufe. Kamfanin dillancin labarai na Xinhua da jaridun jam'iyya suka zama masu ɗaukar ma'aikata, aikin mai hoto ya koma nuna ci gaba. A 1958 jaridu suka buga hoton yara tsaye a kan shukar shinkafa, wai don tsabar kaurinta, alhali haɗa shi aka yi. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe mutane miliyoyi masu yawa, kusan ba ta bar hoto ba. Baƙi irin su Marc Riboud, wanda ya zo a 1957 da 1965, sun ɗauki titunan Beijing da gwaninta, amma da ɗan rakiya a gefensu.

Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, ya samu mai adana shi daga cikin gida. Li Zhensheng ma'aikacin jaridar lardin Heilongjiang ne a birnin Harbin. Da ya lura cewa masu ɗaure da jan ƙyalle a dantse ne kaɗai ke ɗaukar hoto a taruka ba a tsangwame su ba, sai ya kafa tasa ƙungiyar 'yan tawayen a ofis ya samu nasa ƙyallen. Jarida tana son fuskoki masu fara'a da hoton Mao a fili, har yakan gyara hoto idan tuta ko hannun wani ya kare fuskar shugaban. Sauran, waɗanda ba su da wurin bugawa, bai fasa ɗauka ba. Ya ɗauki gwamnan lardin, Li Fanwu, a tsaye kan kujera ya sunkuya, ana yi masa askin wulaƙanci a gaban taro bisa zargin cewa gyaran gashinsa ya yi kama da na Mao. Ya ɗauki manyan jami'ai da dogayen hulunan takarda da tawada a fuska, da sufayen haikalin Jile an tilasta musu riƙe ƙyallen zagin littattafansu, da harbin mutum takwas a bayan gari a watan Afrilu 1968. Yana da wata al'ada: yakan rage hoto ɗaya a ƙarshen fim ko zai ci karo da wani abu a hanyar komawa ofis, idan bai samu ba sai ya ɗauki kansa da shi. Fina-finan masu haɗari yakan yanke su, ya sa a ƙananan ambulan, ya rubuta rana da wuri da sunaye, ya ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓen ɗakinsa. Sun haura 20,000. A 1969 shi ma aka tura shi da matarsa aikin ƙarfi a karkara na kusan shekara biyu, ba a kuma gano maɓoyar ba.

A watan Afrilu 1976, da jama'a suka cika dandalin Tiananmen don makokin Firayim Minista Zhou Enlai, matasa masu kyamarar kansu suka ɗauki taron, suka ɓoye fina-finan lokacin da hukuma ke farautarsu. Bayan an sauya hukunci a kan taron aka buga hotunan cikin kundi, wasu daga cikin matasan kuma suka kafa Ƙungiyar Hoto ta Afrilu, wadda ta yi baje kolin farko a lambun Zhongshan na Beijing a 1979, da hotunan masoya da tsofaffi da yara, ba taken siyasa a ciki. Li Zhensheng ya nuna guda 20 daga cikin nasa a Beijing a 1988. Littafinsa, Red-Color News Soldier, ya fito a ƙasashen waje a 2003, fassararsa ta Sinanci kuma a Hong Kong aka buga ta a 2018, shekara biyu kafin rasuwarsa.